Jan Fenti a Kurmin Agya Ntim

Ina kwana tara cikin takabar Malam Gambo na fito da hantsi na tarar da kan agade jingine a bakin ƙofa, da ɗaurin busassun itace a gefensa. Ba sallama, ba saƙo. Sawun takalmin roba kaɗai na gani a laka, na hagu ya fi nutsewa. Duk Bemakrom mutum ɗaya ke taka ƙasa haka, Agya Ntim, mai gonar kokon da mijina ya yi wa aiki shekara goma sha tara ana raba amfani uku. Ashe ya je ya tambayi limamin zangonmu na Hausawa abin da ya halatta ga mai takaba, aka ce masa ba ta yawo, ba ta hira da maza. Shi ya sa yake ajiyewa ya juya. Haka ya yi ta yi duk Asabar har na fita.

Da na je yi masa godiya sai ya ƙura mini ido ya ce, "Maame Lantana, wa ya gaya miki ni ne?"

Na ce, "Ƙafarka, Agya."

Ya dubi ƙafar, ya dube ni. Ya ce, "Hm. Ashe kina gani."

Shi ke nan godiyar ta ƙare. Amma a ranar ya ce in riƙa shiga kurminsa ina yanko ganyen da nake naɗe wake da shinkafa a ciki, tunda sana'ar da zan kama ke nan in ci da kaina. Ban da ni ba wanda ya taɓa ba wannan izini.

Ban taɓa ganin mutum mai zargi irinsa ba. Yana da wani dutse a ƙarƙashin gado wanda ya san nauyinsa. Duk ranar awon koko sai ya sa shi a buhu ya tafi da shi, sai an ɗora dutsen a sikeli ya ga inda allura ta tsaya kafin ya yarda a taɓa kayansa. Shi ke kaɗa ƙararrawar coci ranar Lahadi, amma in aka karanta sanarwa sai ya karɓi takardar ya kai wa malamin makaranta ya sake karanta masa. Ba ya cin sakwarar da bai ji dakanta ba. Matarsa ta riga shi tafiya da daɗewa, 'ya'yansa biyu suna Kumasi, kuma ko suna nan ma a al'adarsu ba su ne magada ba. Magajinsa Berko ne, ɗan ƙanwarsa, mai babur ɗin kaya mai ƙafa uku.

Yana saurayi ya yi aiki da kamfanin katako shekara shida. Aikinsa shi ne shiga gaba da gwangwanin fenti, ya nemo manyan bishiyoyi ya rubuta musu lamba, bayan mako biyu masu zarto su biyo. A nan wani gungume ya danne masa ƙafa. Ya dawo gida ya gāji kawunsa, ya samu gonar koko da wani yankin kurmi a samanta, inda rafin Subin yake ɓuɓɓugowa. Bai cika shekara uku da gadon ba wasu suka zo da takardar gwamnati, suka yi wa wani maɗaci lamba a tsakiyar gonar, suka kayar da shi, katafila ta ja shi ta kan kokon da ya fara 'ya'ya. Da ya yi magana aka ce masa bishiyar da ta tsiro da kanta ba ta mai gona ba ce. Ya kan ce abin da ya fi ci masa rai shi ne hannun wanda ya yi lambar ya fi nasa kyau.

Kusan kowa ya sare nasa kurmin ya dasa koko, shi ya bar nasa. Mutanen gari ba su taɓa yarda cewa haka kawai ya bari ba. Wasu su ce zinariyar kawunsa ke binne a ciki. Wasu su ce akwai abin da yake ciyarwa a bakin rafi. In an tambaye shi sai ya ce, "Ku je ku dubi rafinku da rani, ku zo ku dubi nawa." Ni dai shekara takwas ina shiga, ban ga komai ba sai dodon koɗi da naman kaza da inuwar da ke sa mutum ya rage murya.

Shekarar da ruwa ya yi jinkiri, wata farar mota ta zo da wasu mutane. Nana, sarkin gari, ya sa aka buga ƙuge, muka taru a filin makaranta. Mai maganarsu wata yarinya ce mai hular rana, Awura Adoma. Ta iya gaisuwa, ta bi manya ta dama ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba tilas suka zo da shi ba. Duk mai sauran kurmi, in ya ga dama, ya bar shi shekara goma ba sara ba ƙuna. Ƙasa tana nan tasa. Su nasu su ba da amya ta zuma da dashen bishiyoyi da ɗan abin hasafi, su riƙa zuwa shekara-shekara suna dubawa.

Wata tsohuwa, Maame Konadu, ta ɗaga sandarta. "'Yata, wa ke ba ku kuɗin man wannan mota?"

"Mutanen ƙasar waje ne, Maame."

"Su ba su da daji a garinsu?"

"Sun sare nasu tun da daɗewa."

"Au! Sun cinye nasu, namu ne suka ga ya dace da ajiya?"

Aka kwashe da dariya. Adoma ta yi murmushi ta ce bishiyoyin nan suna wanke iskar da duniya duka ke shaƙa, shi ya sa. Wani daga baya ya ce, "To iskar, a buhu za ku auna ko a kwano? Agya Ntim, ka zo da dutsenka?" Har Nana sai da ya rufe baki da gefen zanensa.

Amma da ta gama an tafa mata. Malaman makaranta sun tafa, mu mata masu ɗibar ruwa mun tafa, samari masu neman aikin gadi sun fi kowa. Ina kusa da Agya, na ji ya ce wa na gefensa, "Dubi hannuwan da ke tafi. Nuna mini ɗaya mai ƙasar da za a binne akuya." Gaskiya ne kuwa. Masu kurmi su biyar ne a garin, duk sun harɗe hannu a ƙirji.

Adoma ta biyo shi har gida, don nasa ya fi na kowa. Ina can na kai masa abinci. Ya ba ta kujera, ya ba ta ruwa, ya saurare ta har ƙarshe. Ta ce ko zai yarda su shiga su duba kawai? Ya ce, "Ido ba ya sare itace. Ku duba." A wurinsa sallama ce ya yi mata. Ita kuma ta rubuta a littafinta.

Tana fita Berko ya shigo. "Kawu, kar ka taɓa biron mutanen nan. Yau duba, gobe turaku, jibi malamin daji ya kama ka kana tsinkar naman kaza a ƙasar kakanninka."

Agya ya ce, "Haka nake gani."

"Yauwa."

"Abin da ya dame ni, yaushe ni da kai muka fara ganin abu ɗaya?"

Ranar Alhamis ba a zuwa gona, ko adda ba a ɗauka, mu 'yan zango ma mun bi. Ɗakina yana bakin hanya. Wannan Alhamis ɗin ina tsince wake na ga farar motar ta wuce ba ta tsaya gidan Nana ba, ta miƙe hanyar gonaki. Sai la'asar ta fito.

Da safiyar Juma'a na shiga yankan ganye. Tun kafin in kai rafi na ji wari, irin na sabon aji. Na ɗaga kai na ga ja a jikin wani rimi. Lamba ce. Na yi yaƙi da jahilci shekara biyu, lambobi ba sa ba ni wuya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kwandona a kai babu komai a ciki, har arba'in da bakwai. Lamba ta ɗaya tana jikin babban itacen lokon nan da suke ce wa odum, wanda ke tsaye a kan iyakar kurmi da koko, wanda maza biyar ba sa zagaye gindinsa.

Ban koma gida ba, wurin Agya na nufa. Na same shi yana juya koko a kan tabarmar shanya. Na faɗa masa. Ya tashi ya sa takalmi. Da muka isa ya shafa lambar da yatsa, ya sansana, ya tsaya ya gwada ta da jikinsa.

Ya ce, "Tsayin ƙirji. Gefen da ke kallon hanya. Haka aka koya mana." Ya goge yatsan a wando. "Kuma ranar Alhamis, da suka san ba kowa a daji."

Na ce, "Agya, ko a tambaye su tukuna?"

"Na taɓa tambaya."

Ranar Asabar da hantsi na hango hayaƙi ta saman gonar. Na bar tukunya na tafi. Na tarar ya sassaƙe ɓawon lokon ya kewaye shi, faɗin kamu biyu, farin ruwa yana tsatsafowa, ya kuma cusa busasshen ganyen kwakwa a tsakanin saiwoyi ya kunna. A gefe akwai ɓawon ƙwai uku da kwalbar giya rabi. Ya roƙi bishiyar gafara irin tasu kafin ya sa gatari. Haka manoman nan suke yi tun da can: in katako ya tsiro kusa da koko sai a kashe shi a tsaye, ya bushe ya ruɓe daga ciki, don kada ya jawo katafila. Sai dai ƙanana ake yi wa. Wannan ya girmi garin.

Yana zaune a ƙasa yana haki, gatarin a cinyarsa. Ya ce, "Shi suka zo nema. Sauran rakiya ce. In ba shi, ba wanda zai ɓata mai ya buɗe hanya har nan."

Sai ga ƙarar babur. Berko ya diro da gudu, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Kawu! Ka haukace? Gidan bene ka ƙona! Da ka yi mini magana, da yanzu yana kwance falle-falle a hanyar Kumasi, gwamnati ta zo ta tarar da kututture!"

"Da injin wa za ka yanka?"

"Ina da mutane."

"Na san kana da mutane. Tun yaushe kake da su?"

Berko ya juyo kaina. "Ke kuma, Maame, me ya kawo ki? Ko ganyen ma yana da lamba?"

Na koma na tarar da wakena ya kama.

Litinin Awura Adoma ta zo a motar haya da fara'arta, da takarda mai layi-layi. Ta ce ta kawo masa jerin dukiyarsa, kowace bishiya da sunanta da kaurinta, domin in an rubuta su da sunansa zai yi wuya wani ya zo ya ce ba su da mai su. Agya ya aika aka kira ni, ya ce in zo in ji. Sannan ya ce mata, "Taso mu je ki ga lamba ɗaya."

Da ta gani ta cire hular. Ta zagaya gindin, takalminta yana nutsewa a toka, ta zauna a kan saiwa.

"Agya, me ya sa?"

"Ke me ya sa kika shigo ranar Alhamis?"

"Ranar ce kaɗai ake ba mu mota."

"Jan fentin fa?"

"Shi muka samu a sito."

"Lambar, wa ya ce a sa ta a tsayin ƙirji?"

"A nan ake gwada kauri. Haka yake a littafi."

"Littafin wa?" Ta dubi takardar hannunta. Ya ce, "Ke 'yar ina ce?"

"Kumasi aka haife ni."

"Kakarki fa?"

Ta faɗi sunan wani ƙauye can gaba da mu.

"In kin je gida ki tambaye ta abin da jan fenti yake nufi a jikin itace."

Hawaye ya taru mata amma bai zubo ba. Na ɗauka zai sassauta, sai ya miƙa hannu ya taɓa takardar. "Wannan jerin, a ina zai kwana?"

"A ofis."

"Ranar da aka yi miki canji ko kika yi aure kika tafi, makullin ofis yana hannun wa? Mai katako in ya samu wannan, ai kin hutar da shi yawon nema."

Ta ce, "Ban sani ba, Agya. Wallahi ban sani ba."

Na ga ya ɗan karkata kai. Duk ma'aikatan da suka taɓa zuwa masa ba wanda ya rasa amsa. A hanyar komawa ya tsinko mata lemo biyu. Amma takardar bai karɓa ba.

Labari ya cika gari. Masu kurmi biyu da suka fara lallaɓawa suka janye. Wasu suka ce Agya ya cece mu, wasu suka ce tsufa ne. A bakin famfo Maame Konadu ta ce, "Yarinyar ta zo kiwon daji, ga shi ta fara da babba." Ni ban yi dariya ba. Da na riƙe bakina kwana uku, da lokon yana nan. Na sha roƙon Allah gafara a kan wannan gaggawa.

Lokon bai mutu nan da nan ba. Wata huɗu yana zubar da ganye. Da rani ya shigo rana ta sauka ta wannan ɓarakar, ganyen naɗi da ke ƙarƙashi ya ƙone, kokon da ke iyaka ya yi ja. Agya ya daina bi ta can, yana zagayawa ta rafi duk da ƙafar. Daga baya ƙafar ta kumbura ya daina fita.

A cikin kwanakin na ga wani abu. Wata Juma'a na ga sawun taya uku ya shiga har inda hanya ta ƙare, da guntayen taba, kuma a jikin lamba huɗu da tara da goma sha biyu an yi sara biyu-biyu da adda, sabo fil. Masu injin yanka ba sa yawo da fenti, tasu alamar ke nan. Na dawo na yi shiru. Na kwana uku ina juya abin, ina tsoron kada bakina ya sake kashe wani abu. Ranar ta huɗu bayan na idar da walaha na tafi, na faɗi abin da na gani kaɗai, ban kira sunan kowa ba.

Ya ce, "Taya uku?"

Na ce, "Uku."

Ya kalli rufin ɗaki. "Ba ma za su jira a wanke ni ba."

Mako biyu bayan haka ya tara dangi a tsakar gidansa, da Nana, da Awura Adoma. Ya sa malamin makaranta ya karanta takardar yarjejeniyar barin kurmin shekara goma ya fassara. Ya fitar da shi waje, ya sa mai wa'azin coci ya karanta tun daga farko, ya ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ya sa aka ƙara da biro cewa ba turaku, ba gadi, kuma mata za su ci gaba da ɗibar ruwa. Sannan ya dangwala yatsa. Bai tsaya nan ba, don ya san takarda ba ta ɗaure magaji a wurinsu. Ya sa aka zuba giya a ƙasa aka kira sunayen kakanni, ya ce Berko ya sha a gaban kowa.

Berko ya riƙe ƙoƙon. "Kawu, kai da bakinka ka ce ɓarayi ne."

"Har yanzu ban ce ba ɓarayi ba ne. Amma su sai sun rubuto takarda, sai an ba su mota. Kai kuwa kana kwana a bayan ɗakina. Sha."

Ya sha. Yana ajiye ƙoƙon ya ce, da ƙarfi don in ji, "Baƙuwar zango ta fi ɗan gida." Tun daga ranar bai sake sayen abincina ba.

Agya Ntim ya rasu da damina ta zagayo. An yi masa makoki na ja da baƙi yadda suke yi, na zauna daga nesa. Allah ne ya san tsakaninsa da bawansa. Berko ya gāji gona da kurmi, amyoyin zuma suna rataye, saura shekara bakwai a takardar. Abin da zai biyo baya ban sani ba. An yi wa Adoma canji bara, wani saurayi ne yake zuwa yanzu da shuɗin fenti. Sau uku ke nan ina bin su, da kwandona a kai.

Dalilin bin kuwa, kwana biyu bayan dangwala yatsan ya aika a kira ni. Yana kan kujerar kwanciya a inuwar lemo, ƙafar bisa turmi. Ya jira mai yi masa shara ta fita.

"Maame Lantana, zauna. Kin iya lamba har nawa?"

"Har inda ake bukata, Agya."

"Arba'in da shida ake bukata." Ya gyara ƙafar. "Ke ba ki da gado a nan. Ba ki shan giya, ba a sayen ki da kwalba. Kuma ba mai kallon mace da kwando."

Na ce, "Me kake so in yi?"

"Duk ranar da motar nan ta zo, ko ina nan ko ba na nan, ki bar tukunya ki bi su. Kada ki jera da su, ki tsaya a baya kina yankan ganyenki. Ki ga wadda suka daɗe a gindinta. Ki ga ko akwai baƙuwar fuska mai kallon sama maimakon littafi. In sun tafi ki ƙirga da kanki, kada ki karɓi nasu. Ran Juma'a kuma ki dubi hanya saboda mai taya uku."

"In na ga abu, wa zan gaya wa?"

Ya juyo ya dube ni.

"Kada ki gaya wa mutum ɗaya. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar gatari. Ki bari sai mata sun cika bakin famfo, ki faɗa a can, da ƙarfi. Na san ba ki saba ɗaga murya ba. Ki yi mini wannan."